Wanda Ya Huda Cibiyar Jirgi

Mutanen Tana Lemba ba su da gonar kirki. Ƙasarmu dutse ce da farin yashi, masara ma da ƙyar take kai ƙugun mutum. Abin da Allah ya ba mu hannu ne. Tun kakanni jiragen katako muke ƙerawa a bakin teku, ba zane ba takarda. Sai dai a shekarun da nake ba da labari aiki ya yi ƙaranci, samari sun watse neman abinci a wasu tsibirai, ajin da nake koyarwa ya cika da yaran da kakanninsu ke riƙo. Shi ya sa da rundunar sojan ruwa ta ba da aikin ƙera jirgin horar da kurata, kowa a garin ya ɗauki jirgin kamar nasa.

Aikin ya faɗo gidan Puang Rewa (Puang laƙabin girmamawa ne a wurinmu), babban maƙerin jiragen garinmu, tsoho mai ciwon gwiwa da kaifin harshe. Amma ba da shi sojojin suke magana ba. Da ɗansa Sangkala suke yi, domin shi ya yi makarantar fasaha a birnin Makassar, shi kaɗai ke iya karanta littafin da suka zo da shi.

Littafin nan ya kai matashin kai kauri. Wani saurayi ɗan tsibirin Jawa, Laftanar Prakoso, shi ya rubuta shi, kuma bai bar komai ba. Ya faɗi kaurin kowace ƙusar itace. Ya faɗi launin murfin tukunya, da tsawon ƙugiyar da kurtu zai rataya kofinsa. Sangkala kuwa tambaya ɗaya yake yi wa kowane sharaɗi: "Wannan don me?" Idan amsar ta shafi ran mutum ko lafiyar jirgi, sai ya bi ba musu. Idan ba ta shafa ba, sai ya je wurin shugaban aikin, Manjo Widagdo, ya lallaɓa har a soke shi, ko a bar masu aiki su bi yadda itacen ya zo. Da haka aiki ya tafi. Manjo ya saba da neman shawararsa, har ya zama in ya shigo filin aiki yakan wuce Puang Rewa da gaisuwa kawai, ya tafi neman ɗan.

Sharaɗi ɗaya ne ya tsaya wa garin a maƙogwaro. Littafin ya ce ƙashin bayan jirgi, wato dogon gungumen da komai ke zaune a kansa, kada a yi masa huji ko ɗaya. Mu kuwa ba ma tura jirgi cikin ruwa sai babban maƙeri ya yafa farin ƙyalle ya huda masa cibiya a tsakiyar ƙashin, an tari ɓarɓashin a ƙoƙo an zuba cikin kwalbar man kwakwa. Wanda ya huda cibiya shi ne uban jirgi. Ranar da aka karanta wa Puang Rewa sharaɗin, ya tofar da yawu ya ce wannan jirgin takarda ne, shi ya cire hannunsa.

Wata safiya, washegarin ranar da gari ya tafi rakiyar ango ƙauyen maƙwabta, mai share cikin jirgin ya sauka ciki ya tarar da huji a tsakiyar ƙashin, ya ratsa har ƙasa. Kwamitin dubawa daga babban birni yana kan hanya.

Kafin hantsi an kira ɗan sanda. Ya bincika ɗakin Sangkala, ya fito da sabon mahuji naɗe cikin farin ƙyalle. Manjo ya dubi ƙyallen ya dubi Sangkala. Aka zaunar da Sangkala a gidan mai gari, aka ce da yamma mota za ta kai shi birni da laifin lalata kayan soja. In haka ta faru, shi ya tafi kurkuku, aiki kuma ya bar garin.

Jama'a ba su yarda ba. Mata a bakin rijiya suka ce Haji Bundu ne, ƙanen Puang Rewa, wanda ya nemi aikin bai samu ba. Masu aiki suka ce Laftanar ne. Mai gari ya roƙi Manjo ya ba shi zuwa la'asar, ya tura babur kan tudu a ɗauko Daeng Sarro (Daeng ma laƙabin girmamawa ne), mai bin sawun da muke kira in an saci doki ko saniya. Ni kuma aka ce in sallami yara in bi shi, saboda shi ba ya jin harshen sojojin sosai, su kuma ba sa jin namu.

Daeng Sarro ɗan ƙaramin mutum ne, ba ya sa takalmi. Ya tsaya ya ɗaga kai yana kallon jirgin a kan turakunsa.

"Malam," in ji shi, "ni fa shanu na sani. Wannan saniyar ba ta je ko'ina ba, me ake so in bi?"

"Wanda ya zo wurinta, Daeng."

"To, ka ce wa waɗannan su ja baya. Sun tattake min wurin kamar kasuwa."

Ya zagaya jirgin a sunkuye, hannuwansa a baya. Ya nuna min sawun silifas mai faci a dunduniya, ya zagaye jirgin sau da yawa, wani a kan wani, tsoho da sabo. Ya nuna sawun takalmin soja a gindin tsani. Ya hau ciki, ya sa ɗan yatsa a hujin, ya shinshina. Ya duba gefe da gefe, ya ce ba ɓarɓashi ko ƙwaya. Da ya sauko sai ya tsuguna yana kallon layin kiyashi da ya fito daga ciyawa ya shige ƙarƙashin jirgin. Ya kwanta rub da ciki ya bi su, amma kafaɗarsa ta tokare, domin a tsakiya ƙashin ya kusa taɓa yashi. Ya jima a kwance yana kallo. Sannan ya ce a kawo masa kwandon kifi, ya tura shi da sanda ya kife wurin, ya ce wa ɗan sandan kada ko kaza ta matso.

"Me kiyashin suke ɗauka?" na tambaye shi.

Ya buɗe tafinsa. Mazarƙwailar giginya ce da garin kwakwa, irin da ake sawa cikin ƙwallon shinkafar da muke ajiyewa in za a yi wa jirgi addu'a.

"Na taɓa bin ɓarayi da yawa," in ji shi. "Ban taɓa ganin wanda ya kai wa saniya alewa kafin ya soke ta ba."

Mun tarar da Haji Bundu a ƙarƙashin gidansa, irin namu da ake ɗorawa kan ginshiƙan itace, yana gyaran wani ƙaramin kwalekwale. Silifas ɗinsa mai faci yana ajiye a gindin matakala, bai ma ɓoye shi ba.

"Ka zo kama ɓarawon shanu, Sarro? Duba ko'ina, ko akuya ba ni da ita."

"Haji, me kake nema a gindin jirgin mutane kullum da asuba?"

Tsohon ya ajiye gizagonsa. "Aibu nake nema."

"Ka samu?"

"Da na samu ai da na yi barci." Ya share gumi da gefen zanensa. "Na auna shi da taƙi daga kai har wutsiya. Yaron nan ina kallo aka yi masa kaciya yana ihu. Yanzu ya zo da littafi a hammata ya ƙera abin da ni ban taɓa ƙerawa ba. Ka san abin da ke ƙona ni? Alluna sun haɗu kamar an lasa. Ko tsinke ba ya shiga."

"Mutane sun ce kai ka huda, don ka ɓata musu."

"Mutane sun ce. Jiya ni na yi wa ango walicci, ina zaune gaban liman tun safe har aka ci abincin yamma. Je ka tambayi duk wanda ya ci naman." Ya sake ɗaukar gizagonsa. "Kuma in ɓatawa zan yi, da wuta zan zo. Cibiya ba ɓarna ba ce. Cibiya cewa ce jirgin nan nawa ne. Ni ban kai rashin kunyar nan ba."

A hanya Daeng Sarro ya ce, "Wannan hassadarsa a fili take kamar shanya. Ba shi ba ne."

Laftanar Prakoso yana cikin rumfar da sojoji suka mai da ofis. Ya miƙe ya ba Daeng kujera, domin yaro ne mai ladabi. Na fassara masa tambayar.

"Na shiga jirgin jiya da safe," in ji shi. "In ba kowa na fi samun damar aunawa. Babu huji a lokacin, na taka wurin da ƙafata. Kafin azahar na koma masauki."

"An ce ba ka son Sangkala."

Fuskarsa ta canza. "Malam, ka gaya masa na yi shekara ina rubuta littafin nan. Na taɓa ganin jirgin da aka karɓa ba sharaɗi, ƙofarsa ta maƙale ruwa na shiga, da mutane a ciki. Shi ya sa ba na barin komai ga sa'a. Sai in zo nan, mutum ya ce don me, don me, Manjo ya ɗauki biro ya soke. A gabana. Manjo bai taɓa tambayata ra'ayina a kan itace ba."

"Har yanzu yana soke maka?"

Laftanar ya girgiza kai. "A'a. Kwanan nan ya daina. Ya karɓi ƙugiyoyin kofi, ya karɓi launin murfin tukunya, har mariƙin ƙofa da ya ce ɓata itace ne ya karɓa. Na ɗauka ya gaji ne."

Da na fassara, Daeng Sarro ya ce in tambaye shi ina ake huda cibiya.

"Ban sani ba. A gaba?"

Daeng ya yi dariya a hankali, ya dafa kafaɗarsa, muka fita.

Sangkala yana zaune a tabarma a gidan mai gari, kofin da aka kawo masa ya huce. Sabon mahujin yana kan tebur. Daeng Sarro ya ɗauka ya goga bakinsa a tafin hannu, ya nuna min maiƙon shago, bai taɓa cin itace ba.

"Ɗana, wannan don wa ka saya?"

"Na ba da alkawari ba zan faɗa ba, Daeng."

"Kai ka huda?"

Ya sunkuyar da kai. "In sun ce ni ne, su tafi da ni. Aikin dai a bar shi a garin."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Da muka sauko matakala Daeng Sarro ya ce min, "Bai yi ba. Amma tun da ya leƙa hujin nan ya gane hannun."

Daga nan ya ce yana son ya gaida Puang Rewa, tunda ɗansa ne a tsare. Tsohon yana baranda, ƙafarsa a miƙe kan matashi. Shi bai je rakiyar ango ba saboda gwiwa, an bar masa jikarsa Rannu, 'yar Sangkala, ta riƙa miƙa masa abu. Rannu ɗalibata ce, shekararta goma, kuma ba a taɓa raba ta da kakanta ba. Shi ya koya mata sanin itace da ƙanshi. A aji sai na roƙe ta kafin ta yi shiru. Ranar nan ta kawo mana kofi ba ta ko dube ni ba.

"Puang, an ce ka cire hannunka daga jirgin," in ji Daeng.

"Jirgin takarda. Ka tambayi masu takarda."

"Amma ya yi kyau."

"Haka ake cewa." Tsohon ya kau da kai wajen teku. "Manjo kan zo nan ya ce, ina Sangkala. Ni da na ƙera jiragen da suka je har tsibiran Maluku, sai ka ce gunkin bakin ƙofa. Kwanan nan wani yaro da na koya wa riƙon gizago ya ce min, Puang, bari in tambayi Sangkala tukuna."

"Za su tafi da shi da yamma."

"Ba za su riƙe shi ba. Ɗan gaban goshinsu ne."

Rannu ta durƙusa za ta ɗauki faranti. Na ga Daeng Sarro ya dubi gwiwoyinta, ya ɗauke ido da sauri, ya shiga yabon kofin. Da muka kusa filin aiki sai ya tambaye ni.

"Malam, yarinyar nan tana ƙarya?"

"Ba ta iya ba."

"To kada kowa ya tambaye ta komai. Kai ma."

Bayan la'asar aka taru a gindin jirgin. Motar ta iso, direba na jingine da ita. Aka kawo Sangkala. Manjo da Laftanar suka tsaya gefe guda, Haji Bundu ya tsaya nesa da wansa. Puang Rewa an kawo masa kujera, Rannu na bayansa riƙe da sandarsa. Ni ina kusa da Manjo ina fassarawa.

"Ni ba alƙali ba ne," in ji Daeng Sarro. "Abin da yashi ya faɗa min zan faɗa. Haji ya zo nan sau da yawa, amma sawunsa bai taɓa zuwa gindin tsani ba. Kallo yake zuwa yi, ya koma gida ya ƙi cin abinci."

Aka yi 'yar dariya. Haji ya ce, "Ci gaba, ɓarawon lokaci."

"Laftanar ya hau, amma bai san inda cibiya take ba. Mahujin Sangkala bai taɓa cin itace ba, kuma hujin ya fi shi faɗi. Wanda ya yi aikin nan da tsohon mahuji ya yi, a natse, da addu'a, da ƙwallon shinkafa. Bai bar ɓarɓashi ko ɗaya ba. Na sama zai iya kwashewa da hannunsa. Amma na ƙarshe, wanda ke zubowa ta ƙasa in mahuji ya ɓulla, dole wani ya tara masa. Aikin mutum biyu ne."

Ya kwanta ya jawo kwandon da sanda. Ya ce Manjo ya sunkuya ya duba. Manjo ya cire hularsa ya durƙusa, ni ma na durƙusa. Ƙarƙashin hujin akwai zoben gindin ƙoƙo a kan yashi. Kusa da shi akwai ramuka biyu ƙanana, da shatin yatsun ƙafa a bayansu.

"Gwiwoyi ne," in ji Daeng. "Ni ɗan ƙarami ne, amma kafaɗata ba ta shiga wurin nan ba. Babba ba ya shiga. Wani ya ce wa yaro, shiga ka riƙe min ƙoƙo, kada ka gaya wa kowa. Yaron ya yi biyayya. Tun safe yana kallon abin da biyayyar ta jawo, ya rasa wanda zai ceta."

Ban waiwaya ba, amma na ji sandar da Rannu ke riƙe da ita tana ƙwanƙwasa ƙafar kujera.

"Zan iya cewa a jera yaran garin nan a gwada gwiwa," in ji Daeng Sarro. "Ba zan yi ba. Gara mota ta tafi da wanda za ta tafi da shi. Wanda ya sa yaron a ramin nan shi ya kamata ya fitar da shi."

Ya koma gefe ya zauna a kan gungume, ya fara naɗa taba.

Ba wanda ya motsa. Direba ya buɗe ƙofar mota. Ɗan sanda ya taɓa hannun Sangkala, shi kuma ya miƙe ba gardama. Sai na ji Rannu ta ja numfashi za ta yi magana.

"Rufe bakinki," in ji Puang Rewa. Bai ɗaga murya ba. "Ba naki ba ne."

Ya sa hannu cikin naɗin zanensa ya fito da ƙaramar kwalba. Ɓarɓashin itace ja yana kwance a gindin man.

"Ni ne. Ku sake shi."

Manjo ya ce in tambaye shi dalili. Tsohon bai dubi Manjo ba, ɗansa ya duba.

"Yarinyar ta ce min ka sayi farin ƙyalle da sabon mahuji ka ɓoye a ƙarƙashin katifa. Ka karɓe ma'aikatana, na yi shiru. Ka karɓe baƙina, na yi shiru. Cibiyar ma za ka karɓe? A tsaya a gaban gari a ce Sangkala ne uban jirgin da ya fi duk nawa, ina raye ina kallo?"

Sangkala ya juya wajen Manjo. "Ranka ya daɗe, ka sake ni daga alkawarin."

Manjo ya gyaɗa kai, ya ce shi zai faɗa da bakinsa, in fassara daidai. Ya ce Sangkala ya daɗe yana binsa a kan sharaɗin hujin. Daga ƙarshe ya ce masa zai yarda a huda ƙarama, bayan kwamiti ya duba ya tafi, amma da sharaɗi biyu: ya daina soke wa Laftanar sauran abubuwansa, kuma kada kowa ya ji kafin lokaci. Sangkala ya karɓi ƙugiyoyi da murafe da mariƙan ƙofa duka don wannan ɗaya.

"Na ce masa shi ya huda, tunda shi ke riƙe da aikin," in ji Manjo. "Ya ce a'a. Ya ce jirgin nan hannun babansa ne tun daga yadda aka zaɓi itacen, ko da bai taɓa shi ba. Da na ga hujin yau na ɗauka gari ya matsa masa ya karya alkawari."

Sangkala ya ɗauko farin ƙyallen daga hannun ɗan sanda, ya durƙusa ya ajiye a cinyar ubansa.

"Naka ne, Baba. Tsawonka na sa aka yanka."

Puang Rewa ya dubi ƙyallen. Bai taɓa shi ba. Haji Bundu, wanda ya yi shekaru ba ya shiga gidan wansa, ya matso ya tsaya a bayan kujerar.

Saura maganar jirgi. Manjo ya juya wajen Laftanar. "Sharaɗin nan na huji, don me?"

Laftanar ya ƙame. "Don kada ƙashin ya raunana, ranka ya daɗe."

"Ya raunana?"

"Sai na auna."

Ya hau da kayan awonsa, muna tsaye muna jira. Da gaskiya ya yi aikinsa, domin da ya so ya rama, ranar ce ranarsa. Ya sauko ya ce ƙashin zai ɗauka, in an toshe da tagulla yadda zai tsara. Daga baya ya rubuta sababbin shafuka a kan matoshin kaɗai, Sangkala ya bi su duka bai ce don me ba. Kwamiti ya zo ya yi ta juya maganar, amma ya karɓa.

Ba a kai Puang Rewa birni ba, saboda tsufansa da roƙon mai gari. Amma Manjo ya ce daga ranar kada ya sake taka filin aikin, har jirgi ya tafi. Kwalbar kuwa aka ba Manjo, tunda a al'adarmu mai jirgi ke ajiye ta. Daeng Sarro ya ƙi tsayawa cin abinci, ya ce an sace wa wani maraƙi a kan tudu.

Ranar da aka tura jirgin cikin ruwa gari duka ya fito jan igiya, har da samarin da suka dawo gida saboda aikin. Ba a yafa wa kowa farin ƙyalle ba, domin cibiya sau ɗaya ake huda ta. Puang Rewa yana barandarsa can nesa, shi kaɗai. Na ga Rannu ta bar wajen igiya ta zauna a kan wani kifaffen kwalekwale, tsakanin jirgin da gidan. Na je na zauna kusa da ita.

"Malam, da ban faɗa wa Kaka maganar ƙyallen ba fa?"

"Kin faɗi abin da kika gani. Ba ke kika ba shi ma'ana ba."

Ta juya tana kallon jirgin yana gangarawa kan gungumen da aka jera masa.

"Ranar da muka huda," in ji ta, "da ya gama sai ya zauna a ciki ya daɗe. Ina ƙasa ina jinsa yana shafa allunan, yana cewa, yaron nan, yaron nan. Na ɗauka fushi yake yi."

"Yanzu fa?"

Ta tashi ta karkaɗe siket ɗinta, ta ce za ta je ta zauna da shi, kada ya kalla shi kaɗai. Kafin ta tafi ta faɗa min abin da ta gane. Kakanta bai tsani babanta ba. Jirgin ne ya yi kyau ba da hannunsa ba, ya kasa jurewa, sai ya saci abin da an riga an ajiye masa.